Kalmomin Dalalar Yawu a Turanci: Asalinsu da Muhallin Kowacce

Harshen Turanci yana da aƙalla kalmomi shida da ke nuni ga zubar yawu ko tsinkewarsa ba da niyya ba, kuma su ne drool, dribble, slobber, slaver, drivel da salivate, ban da waɗanda likitoci suka keɓe wa kansu. Ƙananan ƙamusoshi sukan fassara kowacce da 'yar'uwarta, abin da ke sa ɗalibi ya ɗauka cewa duk wadda ya kamo ta wadatar, alhali masu harshen ba haka suke amfani da su ba. Ruwan da ke zuba iri ɗaya ne a kowane hali, amma kowace kalma tana ɗauke da hukunci a kan mai zubar da shi, domin wata tana nuna tausayi, wata ƙyama, wata tsoro, wata kuma raini. Saboda haka wanda ya san muhallin kowacce zai tsira daga cin mutuncin wani ba da saninsa ba, kuma zai gane abin da marubuci ke nufi ko da bai fito fili ya faɗa ba.

Yawu, tofi da dalala

Yawu, ko miyau, ruwa ne da wasu maɓuɓɓugai a kewayen baki ke samarwa, kuma manyansu shida ne, bibbiyu a wurare uku: gaban kunnuwa, inda ciwon hangum ke kumburawa, da ƙarƙashin muƙamuƙi, da ƙarƙashin harshe. Baligi mai lafiya yana samar da abin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana, kusan kashi 99 cikin 100 nasa ruwa ne zalla, kuma yana haɗiye shi a kai a kai ba tare da ya lura ba. Dalala tana faruwa ne idan wannan haɗiya ta gaza ko leɓɓa suka kasa rufuwa, kuma a mafi yawan lokuta matsalar ta haɗiya ce fiye da ta yawan yawun kansa.

Sunan ruwan da ba ya ɗauke da yabo ko zargi shi ne saliva, wanda Turanci ya aro daga Latinanci, kuma shi ake samu a littattafan makaranta da takardun asibiti. Kalmar spit ta yau da kullum ce, tana zama suna tana zama aikatau, amma a matsayinta na aikatau tana nufin tofarwa, wato abin da mutum ya yi da gangan, kuma nan ne iyakar da ta raba ta da kalmomin nan shida. Spittle tsohuwar kalma ce da aka fi gani a rubuce, galibi a kan ɗigo-ɗigon yawun da ke fantsama daga bakin mai magana da zafi. Sputum kuwa kaki ne, wato majinar da ke fitowa daga ƙirji, kuma bambancinsa da yawu yana da muhimmanci a asibiti, domin majinyacin da aka nemi ya kawo sputum don gwajin tarin fuka, idan ya tofa yawu kawai a cikin kwalbar, zai iya sa gwajin ya kasa gano cutar da ke jikinsa.

Dalilin yawan kalmomin

Yawan waɗannan kalmomi ya samo asali daga tarihin Ingila, ƙasar da harshenta ya ginu hawa-hawa. Ƙabilun da suka ƙetaro daga arewacin nahiyar Turai a ƙarni na 5 su suka kawo harsashin harshen, sannan mutanen Sikandinebiya suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar tun daga ƙarni na 9 suka bar nasu kalmomin, cinikin ulu da yankin da Holan da Beljiyam suke a yau ya shigo da wasu, daga baya kuma malamai da likitoci suka ɗebo daga Latinanci da Girkanci. Abin da ya biyo baya shi ne gajerun kalmomi na gado suka tsaya a gida da titi, dogayen na aro kuma suka zama na ofis da asibiti. Mai jin Hausa ya san irin wannan tsari, tun da fitsari da bawali abu ɗaya suke nufi, amma na biyun, wanda aka aro daga Larabci, shi ake zaɓa a gaban malamai da manya.

Akwai kuma rawar da sauti ke takawa. A shekarar 1930 masanin harshe na Birtaniya J. R. Firth ya ja hankali ga yadda wasu rukunan baƙaƙe a farkon kalmomin Turanci ke tafiya da wata ma'ana ta bai-ɗaya. Kalmomi da dama masu farawa da sl suna da alaƙa da santsi, taɓo ko ƙazanta, kamar slime da slip da slush, yayin da masu farawa da dr ke da alaƙa da ɗiga, kamar drip da drop da drizzle. Wannan yana taimakawa wajen fahimtar abin da ya sa kunnen Bature ke jin slobber da slaver sun fi drool da dribble muni tun kafin ya tsaya ya auna ma'anarsu.

Drool da dribble

Drool ita ce kalmar da ta fi yaɗuwa a yau, musamman a Amurka, duk da cewa ita ce ƙarama a shekaru, domin shaidar rubutu mafi tsufa da ƙamusoshi ke kawowa ta shekarar 1802 ce, kuma babu ita a shahararren ƙamus na Samuel Johnson na 1755, wanda ya kawo drivel da slaver. Masana asalin kalmomi sun fi karkata ga cewa gajarta drivel aka yi a bakin jama'a har ta koma drool. Ana amfani da ita ga jariri, ga mai barci wanda ya tashi ya tarar da matashinsa a jiƙe, ga kare mai jiran abinci, da kuma majinyaci, kuma ita ce ta fi kusa da dalala ta Hausa. Idan ta zo a matsayin suna ba a ƙidaya ta kuma ba a yi mata jam'i, kamar yadda ba a ƙidaya ruwa.

Dribble ta girme ta, domin ta bayyana a ƙarni na 16 daga wata tsohuwar siffa ta drip, wato ɗiga, kuma ɗafin le da ke ƙarshenta yana nuna maimaituwar aiki kaɗan-kaɗan, irin aikin da ninki ke yi a Hausa idan ɗiga ta koma ɗiɗɗiga. Mutanen Birtaniya sun fi son ta idan ana maganar jarirai. Jariri ɗan wata huɗu, wanda yawunsa ya ƙaru amma bai ƙware da haɗiya ba, haɓarsa kullum tana sheƙi, wuyan rigarsa a jiƙe, yana cusa hannu a baki, shi ne wanda uwa a Landan za ta ce yana dribbling, uwa a Shikago kuma ta ce yana drooling, kuma babu wadda ta yi kuskure. Ƙyallen da ake ɗaura masa a wuya don tare yawun ma sunansa yana bin wannan rabo, domin shagunan Birtaniya suna sayar da shi da sunan dribble bib, na Amurka kuma drool bib.

Sai dai dribble ba ta tsaya ga yawu ba, kuma nan ne mai koyo ke buƙatar lura. Duk ruwan da ke zuba siriri ana iya siffanta shi da ita, ko shayi ne da ya bi gefen kofi ko miya da ta gangaro a haɓa. A ɗakin likita tana iya nufin ɗigar fitsari bayan an gama, larurar da ta yawaita ga maza masu shekaru. A filin wasa kuma, tun rabin ƙarshe na ƙarni na 19, tana nufin tafiya da ƙwallo ta hanyar taɓa ta kaɗan-kaɗan, abin da masu kallon ƙwallo a Hausa ke haɗawa da yanka, kuma daga baya ƙwallon kwando ya ari kalmar. Ma'anar ɗiga a kai a kai ce ta haifi ta wasan, tun da ɗan wasa yana sakin ƙwallon ne guntu-guntu.

Slobber da slaver

Slobber ta shiga rubutun Turanci wajen shekarar 1400, kuma ana danganta ta da wata kalma ta tsohon harshen Holan mai nufin ci ko sha da ƙazanta. Tana nuna yawu mai yawa, mai kauri, mai ɓata wuri, kuma gidanta na asali bakin kare ne, musamman manyan karnuka masu sakakkun leɓɓa irin su Saint Bernard, waɗanda idan suka girgiza kai sai igiyoyin yawu su fantsama a bango da tufafin baƙo. Mai kare yana iya faɗinta cikin raha da ƙauna, amma idan aka ɗora ta a kan baligi ta zama zagi, domin an sauke shi daga matsayin mutum zuwa na dabba. Ma'aikacin jinya da ya rubuta cewa tsoho yana slobbering ya ci zarafinsa, ko da kuwa abin da ya gani da idonsa gaskiya ne.

Slaver ta fi tsufa, ta bayyana wajen shekarar 1300, kuma mafi yawan masana suna mayar da ita ga tsohon harshen Sikandinebiya. A yau ba kasafai ake jin ta a hira ba, an fi cin karo da ita a littattafan labari, inda take siffanta kerkeci ko mahaukacin kare da ya buɗe baki yana zubar da yawu don yunwa da mugunta, wato tana ɗauke da barazana. A Sikotilan da arewacin Ingila tana da wata rayuwa dabam, inda take nufin surutun banza. Akwai kuma wata kalma mai rubutu iri ɗaya da ita wadda ke nufin mai fataucin bayi ko jirgin ruwan da ke ɗaukarsu, kuma babu dangantaka tsakanin biyun, domin ta biyun daga slave ta fito, wato bawa. Ɗalibin tarihi da ya ga slaver a littafin da ke magana a kan cinikin bayi ta Tekun Atilantika, wannan ta biyun ake nufi.

Drivel da salivate

Drivel ita ce uwar gidan, domin tana nan tun zamanin Tsohon Turanci, kafin mamayar Normawa ta 1066, da ma'anar zubar yawu ko majina. Tun a ƙarni na 14 aka fara amfani da ita ga magana irin ta yaro ko ta wanda hankalinsa ya raunana, bisa ganin cewa magana marar kai tana zuba daga baki kamar yadda yawu ke zuba, ba tare da linzami ba. A hankali ma'anar aro ta cinye ta asali, har ta kai a yau duk wanda ya ji drivel abin da zai fahimta shi ne shirme ko soki-burutsu, kuma mai sharhin da ya kira littafi ko jawabi da wannan suna ya yanke masa hukunci mai tsanani. Kuskuren da ya yawaita, har a tsakanin masu harshen, shi ne rubuta dribble a inda ake nufin drivel, saboda kusancin sautinsu.

Salivate ta bambanta da sauran ta fuska biyu. Na farko, tana nufin samar da yawu a cikin baki, ko ya zubo ko bai zubo ba, wato tsinkewar yawu. Na biyu, daga Latinanci take, don haka tana da kamala irin ta kimiyya. Ta shigo Turanci a ƙarni na 17 ta hannun likitoci, a lokacin da ake maganin tunjere da zaiba, ƙarfen nan mai gudana kamar ruwa, wanda gubarsa ke sa yawu ya yi ta kwarara, likitocin zamanin kuma suna ɗaukar kwararar a matsayin alamar cewa cuta tana fita. Shaharar kalmar a wajen jama'a tana da alaƙa da Ivan Pavlov, masanin Rasha da ya karɓi lambar Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci, kuma shi ne ya nuna cewa yawun kare yana tsinkewa da zarar ya ji wani sauti da ya saba ji kafin a ba shi abinci. Daga sunansa aka samu siffar Pavlovian, wadda ake ba duk wani martani da mutum ke yi don sabo ba tare da tunani ba.

Kalmomin asibiti

Likitoci suna da nasu sunaye, waɗanda amfaninsu shi ne siffanta larura ba tare da taɓa mutuncin mai ita ba. Sialorrhoea ta haɗu ne daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin yawu da kwarara, kuma Amurkawa suna rubuta ta ba tare da harafin o na kusa da ƙarshe ba. Ptyalism ma daga Girkanci take, ba a furta harafin p na farkonta, kuma an fi jin ta a kan yawan yawun da ke damun wasu mata masu juna biyu a watannin farko. Hypersalivation kuwa tana nufin samar da yawu fiye da ƙima.

Dalala abu ne da aka saba gani ga yara har zuwa wajen shekara biyu, amma idan ta wuce shekara huɗu likitoci suna ɗaukarta alamar da ke buƙatar bincike. Tana yawaita ga yaran da suka samu lahani a ƙwaƙwalwa tun suna jarirai wanda ya shafi motsin gaɓoɓinsu, ga masu cutar karkarwa ta Parkinson, da waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki, kuma wasu magunguna ma suna haddasa ta. Idan ta zo farat ɗaya ga manomin da ya gama feshin maganin ƙwari, tana iya zama alamar guba da ke buƙatar asibiti ba tare da jinkiri ba. Game da kumfar da ke fitowa a bakin mai farfaɗiya ko dabbar da ta kamu da ciwon haukan kare, Turanci yana cewa foam at the mouth, kuma yana aron wannan furuci ga wanda fushi ya ɗebe, daidai da yadda Bahaushe ke cewa wane yana kumfar baki.

Ma'anonin aro

A rubutun jarida da hirar yau da kullum, waɗannan kalmomi sun fi fitowa da ma'anar kwaɗayi fiye da ta yawu na zahiri, kuma ƙaramar kalmar da ke bin aikatau ita ce galibi ke nuna wacce ake nufi. Idan aka ce jariri ya yi drool on wayar mahaifiyarsa, yawu ne ya jiƙa wayar. Idan kuwa aka ce matashi yana drool over sabuwar waya a shago, babu yawun da ya zuba, yana dai haɗiyar yawu ne a kanta. Wannan furuci ba shi da laifi a kan mota ko gida ko abinci, amma idan aka ɗora shi a kan mutum yana ɗauke da ma'anar sha'awa, don haka bai dace a wasiƙar aiki ko a gaban wanda ake girmamawa ba. Ma'anar kwaɗayin nan ce galibi ake nufi da fuskar nan mai dalala da aka shigar cikin alamomin saƙon waya a shekarar 2016.

Sauran kalmomin kowacce tana tafiya da nauyinta zuwa ma'anar aro. Jaridun kasuwanci sukan ce masu zuba jari suna salivating idan sun hango riba, kuma wannan suka ce mai sauƙi. Slobber over tana nufin zuba yabo ko nuna ƙauna har ya zama abin kunya, kusa da fadanci da bambaɗanci. Slavering kuma ana jingina ta ga taron jama'a ko 'yan jarida da ake zargi da ɗokin ganin an kayar da wani. Furuci ɗaya da ya tsira daga duk wani aibi shi ne mouth-watering, wanda ake yabon abinci da shi a tallace-tallace da littattafan girki, kuma mai masaukin baƙi zai ji daɗi idan aka siffanta tuwonsa da shi.

A nan Hausa da Turanci suka rabu ta wata fuska da mai fassara ya kamata ya sani. A Hausa yawu yana iya ɗaukar daraja, domin mai magana da yawun gwamnati wakili ne da aka amince masa, wanda ya tofa albarkacin bakinsa ya ba da gudummawa ce a zance, tofi kuma yana tafiya da addu'a. Turanci ba ya ba yawu irin wannan matsayi, don haka duk wanda ya kwashi waɗannan maganganu kalma da kalma zuwa Turanci zai fito da abin da ba a fahimta, ko ma abin da zai ɓata wa mai sauraro rai.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne cewa drool da dribble sun dace da jariri da mai barci, slobber ta kare ce, slaver ta namun daji ce da littattafan labari, drivel ta koma shirme, salivate kuma ta kimiyya ce da kwaɗayi. Idan maganar ta shafi tsoho, majinyaci ko yaro mai larura, mafi dacewa shi ne a yi amfani da drooling a sauƙaƙe, ko kalmar likitoci, ko a ce yana samun wahalar haɗiyar yawu, domin dalalarsa ciwo ce da bai zaɓa wa kansa ba. Malaman Turanci, masu fassara da ma'aikatan lafiya su ne suka fi cancanta su koyar da wannan bambanci, kuma ya dace su fara tun daga aji da ɗakin jinya.